Harbi a Wutsiya Ya Fi Kuskure?

Wata Asabar bayan an gama yankan dawa na je gida Kabo, ko takalmi ban gama cirewa ba Kawu ya miƙo mini waya. Ba tasa ba ce, ta ɗansa ce. Ya ce, "Kai da ka san kan waɗannan abubuwa, duba mini nan."

Bidiyo ne na wani Ba'amurke da ya jingina da gindin bishiya, sanye da kaya masu launin ganye, yana goga wani ɗan katako a jikin wani, katakon yana fitar da kukan macen talo-talo. Can sai ga namijin talo-talon daji ya fito fili yana tinƙaho, ya baza wutsiya kamar mafici. A saman bindigar mutumin akwai wani ɗan gilashi da bai wuce akwatin ashana ba, a cikinsa kuma wani jan ɗigo ya sauka daidai wuyan tsuntsun. Ƙara ɗaya, ko shure-shuren kirki bai yi ba.

"Wannan ɗan gilashin nake so," in ji Kawu. "Nawa ne?"

Kawu ya haura sittin. Harbi gadonsa ne, da harba-ruga ya fara, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, daga baya ya samu mai baki ɗaya mai cin kwanso, takardar lasisinta tana naɗe a leda cikin akwatinsa. Zabon daji da fakara da zomo su ne abin nemansa, don manyan namun daji sun daɗe da barin ƙasarmu. Mai son ganinsu sai ya nufi kudu, dajin Falgore. Idonsa ne ya fara ja da baya. In ya kalli ɗan ƙullun saitin da ke hancin bindiga sai zabon ya zama hazo, in ya kalli zabon sai ƙullun ya ɓace.

Na ce, "Kawu, ai har yanzu kuna samu."

Ya ce, "Ina samu. Amma bara zabi uku na raunata suka shige sarƙaƙiya. Ni ban ci ba, su ban bar su da ransu ba."

Kuɗin abin bai fi ƙarfina ba. Duk da haka na kasa cewa to a ranar, kuma sai da na shafe makonni kafin na gane abin da ya riƙe mini baki.

Ya kamata a fara sanin abin da gilashin yake yi, don ba tsafi ba ne. Bindigar tsuntsu ba harsashi ɗaya take fitarwa ba, 'ya'yan dalma ne barkatai, suna bajewa yayin da suke nisa. Shi ya sa mai harbin tsuntsun da ya tashi ba ya tsayawa auna. Binsa yake yi da bakin bindiga ya saki. Talo-talon daji kuwa a tsaye ake harbinsa, kuma gashinsa da fukafukansa suna da kauri, don haka kai da wuya ake nema. Sai maharban Amurka suka riƙa matse bakin bindiga domin dalmar ta tafi a dunƙule. Suna gwaji a kan takarda daga nisan yadi 40, su ƙirga 'ya'yan da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 10. Amma dunƙulewar ta zo da tata matsalar: a kusa, dalmar gaba ɗaya ba ta fi dunƙulen hannu ba, kana ɗan karkata ka kuskure, ko ka goge shi a gefe. Nan jan ɗigon ya shigo. Wata 'yar fitila ce take haska ɗigo a jikin lanƙwasasshen gilashi, a yadda ido zai ga ɗigon da abin harbin kamar a wuri ɗaya suke. Ba sai ka jera abu uku a layi ba, inda ɗigon ya sauka nan dalma za ta je. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ne ya fitar da irinsa kasuwa a 1975. Ga mai ido irin na Kawu, wannan magani ne sak.

To ina laifin magani?

Bahaushe ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. A harkar neman abinci da jarrabawa da neman aure, ban ja ba. Amma a wurin da aka haifi karin maganar, wato bakin daji, tambayi mai wutsiyar. Zabon da aka kuskure ya tashi ya tafi, gobe ya fi yau wayo. Wanda dalma ta karya wa fiffike ko ta shige masa ciki zai kwana biyu ko uku a ƙarƙashin ƙaya, tururuwa na binsa, kafin ya mutu ko muzuru ya same shi. A nan kuskure ya fi harbin wutsiya nesa ba kusa ba, abin da ya fi su duka kuma shi ne harbin da ya gama aiki nan take. Addininmu ma can ya karkata. An umarce mu da kyautatawa har a wurin kisa da yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba, an kuma hana a mayar da mai rai abin gwajin saiti. Malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas, sun halatta abin da harsashi ya kashe idan an ambaci sunan Allah, saboda yana hudawa ya zubar da jini cikin sauri. Idan ɗigon ja zai mayar da raunatattun zabin Kawu uku su zama uku a tukunya, to ya rage azaba, kuma bai ƙara yawan waɗanda suka mutu ba ko da ɗaya. Wannan hujja ce mai ƙarfi, har yau ban ga abin da ya rushe ta ba.

Abin da ya tsaya mini daga wurin aikina ya fito, ba daga daji ba.

Ni manhaja nake rubutawa. Shekarun baya an ba ni gyaran wani tsari da wata makaranta take aika wa iyaye saƙon tes da shi. Kukansu shi ne jan ƙafa: saƙo ɗaya sai ya ɗauki daƙiƙoƙi. Na duba na ga wanda ya rubuta shi da farko ya yi wauta, kowane saƙo sai ya sake buɗe hanya da uwar garke daga farko. Na gyara cikin yini guda, ina ta jin kaina. Abin da ban lura ba shi ne akwai wani tsohon kuskure can ciki da yake maimaita jerin sunaye in aka samu katsewar intanet. Da, saboda jan ƙafar, ma'aikaci yakan ga abin ya kashe kafin ya yi nisa. Bayan gyarana kuwa, a dare ɗaya kuɗin saƙon zango guda ya ƙone, wasu iyayen suka wayi gari da saƙo iri ɗaya fiye da ashirin. Ba wanda ya taɓa rubuta wa tsarin iyaka, domin ba a taɓa buƙata ba. Rashin saurinsa shi ne iyakarsa. Ni na cire ta ba tare da na san iyaka ce ba, ban kuma sa wata a madadinta ba.

Da na koma kan maganar Kawu sai na tambayi kaina: me ya bar mana zabon daji a ƙasar Kabo har yau, ƙasar da gona take manne da gona daga Garo zuwa Gude? Ba doka ba ce. Akwai dokar namun daji ta Arewa tun 1963, amma ban taɓa ganin wanda aka tare a kan fakara ba. Abin da ya tsare su abubuwa ne da ba wanda ya ɗauka tsaro ne. Damina ta tsare su: lokacin da suke ƙwai da ƙyanƙyasa ciyawa ta rufe ko'ina, maharbi kuma yana duƙe a gonarsa, sai kaka ta yi yake ɗaukar bindiga. Dare ya tsare su. Ƙafa ta tsare su, don iyakar farautar mutum ita ce inda zai iya zuwa ya dawo. Harba-ruga ta tsare su, sunanta ma ya faɗa: harbi ɗaya, kafin ka sake ɗurawa garken ya yi gaba, wani lokacin ma albarushin ya yi sanyi ta ƙi tashi. Sannan kuskure. Maharbin da yake samun ɗaya cikin harbi uku yana biyan daji wani haraji da bai san yana biya ba.

A tsawon rayuwata na ga an cire waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da kyakkyawar niyya. Babur ya cire ƙafa. Fitilar goshi mai caji, wadda ake sayarwa a kowace kasuwar ƙauye, ta cire dare. Zabi a bishiya suke kwana a jere, mai fitila ba ya buƙatar gwaninta. Waya ta cire ɓuya, don wanda ya ga garke a bakin madatsar Guzuguzu da safe zai kira abokinsa kafin hantsi. Ba wanda ya ƙirƙiri ko ɗaya daga ciki domin ya ƙarar da zabo. Kuskure ne kaɗai ya rage, shi ne kuma Kawu yake so in saya masa maganinsa.

Mutanen da suka yi bidiyon sun riga mu bin wannan hanya har ƙarshenta. Akwai wata kurciya a Amurka da garkenta yakan rufe rana. Jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka ba 'yan kasuwar nama damar bin ta duk inda ta sauka, ta ƙarshe ta mutu a gidan zu na Sinsinati a 1914. Talo-talon daji ma saura ƙiris. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne a shekarun 1930 bai fi 30,000 ya rage ba a faɗin ƙasar. Sai suka juya. A 1937 aka yi dokar da ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa aikin farfaɗo da namun daji. Daga shekarun 1950 aka riƙa kama na daji da raga ana kai su inda suka ƙare. A farkon shekarun 2000 sun kusa miliyan bakwai. Mutumin da ke jingine da bishiyar nan, abin da kyamara ba ta nuna ba shi ne takardun da ke aljihunsa: makonni ƙalilan aka ba shi a shekara, namiji kawai zai harba a bazara, adadi ƙayyadadde, kuma a jihohi da yawa dole ya kai rahoton abin da ya kashe. Da yawan tsuntsun ya sake raguwa, jihar Jojiya ta rage adadin daga uku zuwa biyu a 2022. Wato shi gilashinsa ba zai ƙara masa ko tsuntsu ɗaya ba, sai dai ya sa biyun da aka ba shi su mutu da sauƙi. Sun cire kuskure, amma sun riga sun rubuta iyaka a wurinsa. Mu gilashin kawai bidiyo ya kawo mana.

(Abin dariya, tsuntsayen biyu sun daɗe da cuɗanya a bakin Turawa. Zabonmu suka fara sani, da na Amurka ya iso sai suka rikita su, har sunan kimiyya ya gaji rikicin: zabo Numida meleagris, talo-talo Meleagris gallopavo. Amma dokar ɗaya ba za ta hau ɗaya ba. Namijin talo-talo guda yana bin mata da yawa, ga shi da gemu a ƙirji, ana gane shi daga nesa, cire shi ba ya hana ƙwai. Zabi kuwa bibbiyu suke haɗuwa da damina, kuma mace da namiji kamar an tsaga kara, sai ta yi kukanta mai gaɓa biyu ake tabbatarwa.)

Akwai kuma wani abu da masu tallar gilashi ba sa faɗa. Alkawarin kayan aiki mai kyau shi ne za ka yi abin da kake yi da tsafta. Abin da yakan faru shi ne sai ka ƙara nisa. Yadi 40 ya daɗe yana zama iyakar mutunci a wurin maharban talo-talo. Da aka zo da 'ya'yan harsashi na ƙarfen tangistan, wanda ya fi dalma nauyi da fiye da rabi, aka haɗa da ɗigon ja, sai ga masu harbi daga yadi 60 da sama. Raunatawar da aka kora daga kusa sai ta koma ta tsaya a sabon bakin iyaka. Na san wannan hali a jikina: ba a taɓa ba ni kwamfuta mai sauri na tashi aiki da wuri ba.

Ƙarshen hanyar kuma 'yan sana'ata ne suka shimfiɗa shi. A 2005 wani mutum a Teksas ya kafa bindiga da kyamara a gandunsa, ya haɗa da intanet, domin mutum ya harbi dabba daga ɗakinsa da linzamin kwamfuta. Jihar ta haramta abin a shekarar, maharba ne ma a gaba wajen ƙin sa. A 2013 kamfanin TrackingPoint ya fitar da bindiga mai kwamfuta a cikin madubinta, tana aiki da Linux: ka yi wa dabba alama, ka danne kunama, ita za ta zaɓi lokacin da harsashi zai fita. Ɗigon Kawu bai kai nan ba ko kusa. Sai dai layi ɗaya ne, kuma ban ga wurin da aka dasa dutse aka ce daga nan an daina farauta an koma yanka ba.

A nan na so in fake da abin da Amurkawa suke kira farautar adalci, wato a bar wa dabba damar tsira, aƙidar da ƙungiyar Boone and Crockett ta Tiyodo Rusabelt ta ɗauko tun kafuwarta a 1887. Na gwada ta a kan Kawu, ya yi dariya har da tari. Ya shiga ɗaki ya fito da burtun mahaifinsa, kan tsuntsun nan da aka sassaƙa aka ɗaura wa fata, wanda maharbi yake ɗaurawa a goshi ya rarrafa yana sunkuyar da kai kamar yana kiwo, har ya shiga tsakiyar dabbobi ba su ankara ba.

Ya ce, "Wannan adalci ne? Yaudara ce tsagwaronta. Kai ɗan nan, wa ya ce maka wasa muke da su?"

Gaskiyarsa. Farauta dabara ce tun ranar da aka fara ta, kuma zancen ba wa dabba dama zance ne na wanda tukunyarsa ba ta jiran abin da zai kawo. A fiƙihun da muka tashi da shi ma lissafin a juye yake: Risala ta sanya farautar nishaɗi a cikin makaruhi, ta neman abinci kuwa halal. Kawu miya yake nema, wani lokacin kuɗin magani. Ba ni da bakin da zan ce masa ya ci gaba da kuskure domin wasan ya yi armashi.

Amma burtun da ya ɗauko ya ba ni abin da nake nema, ba wanda ya yi nufi ba. Kafin mutum ya iya burtu sai ya shekara yana kallon yadda tsuntsun yake taku, ya san iska, ya san inda dabba take kwana da lokacin da take da ciki. Kafin hannunsa ya iya kisa, idonsa ya riga ya san abin da ba a kashewa. Kawu ba ya harbin zabuwa mai 'yan tsaki, ba ya harbi a kan bishiyar kwana, in ya samu biyu yakan juyo. Ba wanda ya rubuta masa. A cikin shekarun kuskure ya koya, a bayan mahaifinsa. Gwaninta da kamun kai tare suke zuwa a da, don hanya ɗaya ake bi a same su. Gilashi yana raba su. Yana miƙa wa mutum gwanintar shekara ashirin a yini ɗaya, ya bar ɗayan a baya.

Saboda haka tambayar ba a kan zabon da ke gaban bindiga take ba. Shi kam ɗigon ja rahama ne gare shi. A kan garken take, da kuma mutanen da suke da haƙƙi a cikinsa ba su zo ba tukuna. A hannun Kawu gilashin tabarau ne kawai, yana mayar masa da abin da shekaru suka ƙwace. A hannun ɗansa wani abu ne daban. Yaron shekararsa ashirin da uku, yana da babur da fitilar goshi da abokai, idonsa garau, kuma akwai mai gasa nama a Gwarzo da yake karɓar duk abin da ya kawo. Yaron kirki ne, ba na zarginsa da komai. Bindigar dai ɗaya ce a gidan, kuma kowa ya san wanda zai gaje ta.

Na koma bayan mako uku na faɗa wa Kawu duk wannan, har da labarin saƙonnin tes, wanda ya fi ba shi dariya. Ya yi shiru, sannan ya ce in kawo, shi zai san yadda zai yi. Na ce ina da sharaɗi: wanda ba ya kusanto da nesa zan saya, ɗigo kawai, kuma za mu auna iyakar bindigar a kan kwali, abin da ya wuce nan ba harbi. Ya ce wannan ai ko ban faɗa ba. Shi ma ya kawo nasa, wanda ban yi tunaninsa ba: gilashin ba zai kwana a jikin bindiga ba, kuma daga saukar ruwan farko har a yanke gero yana cikin akwati tare da lasisi.

Wani mai walda ya ƙera masa mazauni. Muka kafa kwalin taliya a bayan gari, muka ja taku ashirin, muka ja talatin, muka ja arba'in. A talatin dalmar tana taruwa yadda ake so, a arba'in ta fara barin ramukan da zabo zai bi ta ciki da rauni. Kawu ya ja layi da ƙafa a talatin. Ɗansa yana tsaye yana riƙe mana kwanso, bai ce komai ba sai da muka gama.

Ni kuma na yi tawa dabarar ta masu manhaja. Na cire batirin na ba Kawu shi daban, na ce ya riƙa ajiye shi a aljihunsa, in babu shi gilashin gilashi ne kawai. Muna tafiya gida yaron ya karɓa ya jujjuya shi a tafin hannunsa, ya karanta lambar da ke jiki.

Ya ce, "Yaya, ai irin na makullin mota ne. Akwai shi a wurin mai agogo a bakin tasha."